Aikatau mai goyo: yaya za mu yi da "up", "off" da "out" na Turanci?

Ɗalibar Jinya, Gusau:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata matsala ta Turanci da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan tun da akwai malamai a cikinmu. Na san ma'anar "look", na kuma san ma'anar "after", amma da aka haɗa su aka ce "look after the patient" sai ma'anar ta koma kula da majiyyaci, alhali babu kulawa a cikin ko ɗaya daga kalmomin biyu. Haka nan "give up" ba miƙa abu sama ba ne, dainawa ne ko saduda, shi kuwa "put up with" haƙuri ne da abin da mutum ba ya so. A jarrabawar da muka yi makon jiya an tambaye mu abin da likita yake nufi idan ya ce raɗaɗi zai "wear off", na tsaya ina tunanin sa tufafi da tuɓe su har lokaci ya ƙure. Shin akwai wata ƙa'ida a ƙarƙashin wannan haɗe-haɗe, ko kuwa sai mutum ya zauna ya haddace su ɗaya bayan ɗaya?

Malam Mai Ritaya, Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin ba a kanki aka fara ba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa babban ƙamusun Turanci a 1755, ya ambaci wannan haɗi a gabatarwar ƙamusun, ya nuna cewa shi ne abin da ya fi wahalar da baƙon da ke koyon harshen, har ya kawo misalai irin su "come off", "break off" da "set out". Sunan da ake kiran su da shi yau, wato "phrasal verbs", ya yaɗu ne bayan Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a rubutunsa na 1925. Ni kuwa a shekarun da na yi ina riƙe da alli, aikatau mai goyo nake ce musu, saboda aikatau ne da ya goya wata 'yar ƙaramar kalma a bayansa, kuma sau da yawa ɗan goyon ne yake juya akalar ma'anar.

Abin da nake so ki fara ganewa shi ne ba duk goyo ne iri ɗaya ba. Akwai wanda ake iya sauke shi a ajiye can gaba. Za ki iya cewa "turn off the radio", za ki iya cewa "turn the radio off", duka daidai ne, amma da zarar kin sa wakilin suna a madadin rediyon, to dole ya shiga tsakiya, sai "turn it off", ba a cewa "turn off it". Akwai kuma wanda ba ya saukuwa ko kaɗan, irin "look after" ɗin da kika kawo: ana cewa "look after the child" da "look after him", ba a taɓa cewa "look him after". Dalili kuwa shi ne "after" a nan jingine take da sunan da ke biye da ita, tana cikin kalmomin da Turawa ke kira "prepositions", ita kuwa "off" ta "turn off" manne take da aikatau ɗin. Kunne ma yana jin bambancin, domin a "turn it off" nauyin murya yana sauka a kan "off", a "look at it" kuwa nauyin yana kan "look", ita "at" sai a wuce ta a sanyaye.

A aji nakan dafa hulata in ce wa yara su ba ni umarni. Wanda ya ce "take it off" sai in cire, wanda ya ce "take off it" sai in tsaya ƙyam kamar ban ji ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa da wuya ki sami yaron da zai sake wannan kuskure. Game da ma'ana kuwa, gaskiyar da zan gaya miki ita ce babu makawa sai hadda. Sai dai kada ki haddace su a jere kamar sunayen garuruwa, ki haddace kowanne a cikin cikakkiyar jimla wadda ta shafi aikinki.

Mai Fassara, Kaduna:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Duk abin da ka faɗa a kan mazaunin wakilin suna na karɓa hannu bibbiyu, amma a kan batun hadda ina neman izini in ɗan saɓa maka, domin ina ganin muna tsoratar da Bahaushe da abin da yake da irinsa a bakinsa tun yana goye.

Ƙanwata ta Gusau, ki duba bambancin "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwo", ko "ya sha fura" da "ya shanye fura", ko "ya sayi gero" da "ya saye geron kasuwa". Mene ne wannan ƙari na ƙarshen kalmar yake yi? Yana nuna an yi aikin ƙaf, ba a rage komai ba. To, shi ne ainihin aikin "up" a cikin "eat up", "drink up", "buy up" da "use up". Babu wata sama a ciki. Sannan ki duba "zubar da", "jefar da", "bayar da", "sayar da", waɗanda duk suke nuna abu ya bar hannun mai shi ya yi gaba, ki ajiye su kusa da "pour away", "throw away", "give away" da "sell off". Sai kuma wasalin nan na "o" da ke jawo aiki zuwa wajen mai magana, kamar fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, wanda Bature sai ya canza aikatau ɗin gaba ɗaya ya ce "go out" da "come out", "go back" da "come back". F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, kuma har yau giredin aikatau ɗin nan ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'inmu. Abin da mu muke yi da wutsiyar kalma, shi Bature yake yi da wata kalma daban da yake ajiyewa a gefe.

Idan kika kalli 'yan kalmomin da wannan ido za ki ga kowace tana da halinta. Ita "off" rabuwa ce da yankewa: takalmi ya rabu da ƙafa, "take off", jirgi ya rabu da ƙasa, shi ma "take off", an yanke wuta, "cut off", an sallami ma'aikata, "lay off". Saboda haka "wear off" ɗin da ya ba ki wuya ba kome ba ne illa abu ya yi ta gogewa a hankali har ya rabu da jiki, domin "wear" bayan sa tufafi yana nufin sudewa irin ta tayar mota. Ita "out" fita ce, daga fita sai bayyana, kamar "find out" da "point out", daga nan sai ƙarewa, kamar "run out" da "sell out". Ita "on" ci gaba ce a "go on" da "carry on". Wanda ya riƙe waɗannan halaye ya rage wa kansa fiye da rabin hadda.

Malam Mai Ritaya, Zariya:

Malama, Allah ya yi miki albarka. Wannan kwatanci na cinye da shanye da na same shi tun ina aji da na yi aiki da shi, kuma ba na jin nauyin faɗar haka. Amma kada mu sa yarinya ta ɗauka mabuɗi ɗaya zai buɗe kowane ɗaki. Ki gaya mini wane hali na "up" ne zai kai mutum ga ma'anonin "make up", wanda yake nufin ƙirƙiro labarin ƙarya, da shiryawa bayan faɗa, da kwalliyar fuska, da kuma haɗuwar sassa su tayar da abu guda? Wane hali na "after" ne zai nuna mata cewa "she takes after her mother" yana nufin ta ɗauko uwarta a kama ko a hali? Ga "bring up" renon yaro, ga shi kuma tayar da magana a taro. Ga "turn down" rage murya, ga shi kuma ƙin karɓar tayi. Har akwai inda kishiyoyi biyu suke ba da ma'ana ɗaya, domin "fill in a form" da "fill out a form" duk cike takarda ne, na farko ya fi yawa a Ingila, na biyu a Amurka.

Tun da kin kai mu gida, bari mu tsaya a gidan. Ki ɗauki kalmar "ci" kaɗai. Muna cin amana, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna cin kasuwa, muna cin mutunci, muna cin gaba. Muna shan wahala, muna shan iska, muna shan alwashi, muna shan kaye. Muna kashe fitila, mu kashe kuɗi, mu kashe aure. Baturen da ya san "ci" yana nufin sa abinci a baki, wace ƙa'ida ce za ta gaya masa cewa cin fuska wulaƙanci ne? Dole ya zauna da masu harshen ya ji a bakinsu. Abin da nake kira hadda ke nan.

Mai Fassara, Kaduna:

Na yarda, Baba Malam, akwai ɗakunan da mabuɗina ba ya buɗewa, kuma "take after" yana cikinsu. Abin da nake gudu shi ne a miƙa wa ɗalibi jerin kalmomi ɗari biyar a ce duk haka suke babu dalili, ya karaya tun bai fara ba. A fara masa da masu dalili, idan ƙafarsa ta tsaya sai a kawo masa masu taurin kai.

Ɗan Kasuwa, Maraɗi:

Gaisuwa ga manya. Ni ta ƙofar Faransanci na shigo boko, Turanci kuwa sai da na girma na fara koyonsa saboda harkar kaya da nake yi da mutanen Kano da Legas. Matsalata ba ta kai ga ma'ana ba ma, mantawa nake yi da ɗan goyon gaba ɗaya. A Hausa muna cewa jira ni, saurare ni, nemi kuɗi, dubi wannan, babu wata kalma a tsakani. A Faransanci ma haka ne, "attendre", "écouter", "chercher" da "regarder" duk kai tsaye suke faɗa wa abin da ake jira ko ake nema. Harsuna biyu sun taru sun koya mini hanya ɗaya, sai ga Turanci yana cewa dole in ce "wait for me", "listen to me", "look for money", "look at this". Na yi shekaru ina cewa "wait me" ba wanda ya gyara mini.

Dabarar da na ɓullo da ita ita ce in kauce musu. Maimakon "go on" sai in ce "continue", maimakon "put up with" sai "tolerate", maimakon "find out" sai "discover", tun da duk suna da 'yan'uwa a Faransanci. Amma wani abokin cinikina ya ce mini idan ina magana kamar ana karanta takardar gwamnati. Shin laifi ne yin haka, kuma me ya sa Turanci yake da kalma biyu ga abu guda?

Malam Mai Ritaya, Zariya:

Alhaji, ba laifi ba ne, amma abokinka ya ji daidai, kuma dalilin yana cikin tarihi. Asalin Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne, kuma har gobe Bajamushe yana raba aikatau da goyonsa, kalmar tashi a wajensa "aufstehen" ce, amma idan zai ce ina tashi sai ya ce "ich stehe auf", goyon ya koma ƙarshe. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a kusan ƙarni uku, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci a kotuna. A wannan tsakani da bayansa kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin harshen, suka zauna a ofis da kotu da littafi, su kuwa gajerun aikatau na gado irin "put", "get", "give" da "go" suka ci gaba da zama a gida da kasuwa tare da goyonsu. Shi ya sa ake samun "give up" da "surrender", "put off" da "postpone", "go in" da "enter". Kamar dai yadda mu ma muke cewa wane ya rasu, amma a sanarwa ko a bakin malamai sai a ji ya yi wafati. A takarda ka yi amfani da dogayen, a hira da abokin ciniki ka sassauto zuwa gajerun.

Wani abin lura kuma, a tsohon Turanci goyon a gaba yake zama, kuma ragowar wannan tsari tana nan a "understand", "overcome" da "withstand". Saboda haka kada ka ɗauka juya kalmar ba ya canza kome: "overtake" wuce mota ne a hanya, "take over" karɓe ragama ne, "upset" ɓata rai ne, "set up" kuwa kafawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Ingila:

Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma tun da ƙanwata aikinmu ɗaya za ta yi, bari in gaya mata abin da ya same ni don ta san wannan magana ba ta jarrabawa kaɗai ba ce. Wata rana ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu, na duba waya na ga saƙon da ɗan yayata ya turo tun da yamma, ya rubuta "Inna passed away at the naming ceremony". Ƙafafuna suka kasa ɗauka ta, na zauna a ƙasa cikin ɗakin ajiye magani ina salati, hannuna yana rawa har na kasa danna lambar gida sai a karo na uku. Da aka ɗauka, muryar Inna na ji tana tambaya ko lafiya nake kira da tsakar dare. Ashe zafi ne da cunkoso suka sa ta suma a wajen sunan, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Yaron "passed out" yake son rubutawa. Tsakanin suma da rasuwa kalma ɗaya ce mai harafi uku ko huɗu.

A nan marasa lafiya da wuya su yi miki magana da kalmomin littafi. Ba za su ce "vomit" ba, sai "I threw up" ko "I brought it up". Wanda ya farfaɗo "came round" ne, wanda mura ta kama "came down with a cold", ciwon da ya motsa "flared up", maganin da ya fara aiki "kicked in". Mu ne muke mayar da su dogayen kalmomi a lokacin rubuta rahoto. Sannan akwai namu na gida da ba a gane su a nan. Na taɓa raka wata 'yar Najeriya wajen ungozoma, ta ce "my sister put to bed last week", ungozomar ta tsaya tana jiran ta ji wa aka kwantar, domin a wajensu "put to bed" kai yaro makwanci ne. Haka "she took in" da muke faɗa idan mace ta sami ciki, su a kunnensu jimlar ba ta ƙare ba. Shi kansa "pass out" ɗin, mu mun fi saninsa da faretin gama hidimar ƙasa, wanda kuma daga al'adar sojan Ingila muka gaje shi.

Akawu, Kano:

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, Hajiya. Amma maganarki ta ƙarshe ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara goma sha biyu ina buga takardu a ofis, kuma babu ranar da ba na ganin "discuss about", "request for", "emphasize on", "cope up with" da "let us round up the meeting" daga hannun mutanen da suka yi digiri biyu da uku. Kowa yana fahimta, aiki yana tafiya. Idan Ba'amurke yana da ikon cewa "on the weekend" alhali Baturen Ingila yana cewa "at the weekend", kuma ba a ce ɗayansu ya yi kuskure ba, don me namu ne kullum kuskure? A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, cikinsu har da "put to bed" ɗin da Hajiya ta ambata, da "send-forth", da "flag-off", da Kannywood. Idan masu harshen sun buɗe mana ƙofa, me ya sa malamanmu suke rufe ta?

Malam Mai Ritaya, Zariya:

Ɗana, ban rufe ƙofa ba, amma ina so ka raba abu biyu da ka haɗa. "Put to bed" da "send-forth" abubuwa ne da muka ƙera da gangan, suna da ma'anarsu, suna biya mana bukata, kuma ƙamusun ya rubuta su ne a matsayin Turancin Najeriya, domin aikin ƙamus shi ne ya faɗi abin da mutane suke faɗa da inda suke faɗarsa. Su kuwa "discuss about" da 'yan'uwansa tuntuɓe ne da ake iya nuna dutsen da ya jawo shi. Sunan yana ɗaukar goyo, aikatau ɗin ba ya ɗauka: ana cewa "a discussion about", "a request for", "emphasis on", amma "discuss the matter", "request a file", "emphasize the point". Mu kuma Hausa tana ƙara ingiza mu, tun da muna tattaunawa ne a kan abu. "Cope up with" gaurayen "cope with" ne da "keep up with", "comprise of" ya aro wutsiyar "consist of", "result to" kuma ya ɗauko ta "resort to" a inda ake bukatar "result in". Shi kuwa "round up" har haɗari yake da shi, domin kammala taro "round off" ne, "round up" tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi. Kuma ko da ni na yafe, mai duba takardar WAEC da NECO ba zai yafe ba, yaran da za su zauna jarrabawar kuwa namu ne.

Akawu, Kano:

Baba, na ji bayanin tuntuɓen kuma ya shige ni, musamman na suna da aikatau, wanda ban taɓa lura da shi ba. Amma har yanzu ina ganin abin da miliyoyin mutane suka yi shekara da shekaru suna faɗa wata rana zai daina zama tuntuɓe ya zama hanya. Zan gyara a takardun da za su fita waje, na cikin gida kuwa ba zan ja da maigidana a kansu ba.

Mai Fassara, Kaduna:

Yaya Akawu, wannan rabon da ka yi shi ne abin da mu ma muke yi, wato a dubi wanda zai karanta. Sai dai a wajen karɓa, wato ji da karantawa, babu sassauci ko kaɗan, dole a san abin da mai harshen yake nufi. A ɗakin labarai aikatau ɗaya yakan zo mana da fuska huɗu a rana guda: "fighting broke out" faɗa ya ɓarke, "talks broke down" tattaunawa ta watse, "thieves broke in" ɓarayi sun fasa sun shiga, "police broke up the crowd" 'yan sanda sun tarwatsa taro. A farkon aikina na taɓa fassara "called off" da ɗagewa a labarin wani taro, alhali sokewa ne, ɗagewa "put off" ne. Har washegari mutane suna bugo waya suna tambayar sabuwar ranar da aka sa, ranar da babu ita. Tun daga nan ba na wuce ɗan goyo sai na tsaya na dube shi.

Ɗalibar Jinya, Gusau:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Na kwafe duk bayanan a littafina. Saura abu ɗaya da yake rikita ni, wato "in", "on" da "at", domin kullum sai in zaɓi wadda ba ita ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Ingila:

Ƙanwata, dalilin shi ne mu "a" ɗaya muke da ita tana yi mana aikin ukun. Muna cewa a Kano, a tasha, a ranar Juma'a, a shekarar 2020, su kuwa "in Kano", "at the station", "on Friday", "in 2020". Idan muna son fayyacewa sai mu ɗauko sassan jiki, kai ya ba mu "kan", ciki ya ba mu "cikin", baya "bayan", baki "bakin". To ki ɗauki "in" a matsayin cikin, "on" a matsayin kan, ita kuwa "at" ɗigo ce kawai da ake nunawa da yatsa. A lokaci ma haka suke jeruwa daga ƙarami zuwa babba, "at" ga awa, "on" ga rana, "in" ga wata da shekara, ko da yake ana cewa "in the morning" amma "at night", kuma da zarar an ambaci ranar sai ta koma "on Friday morning". A abin hawa, ƙaramar mota "in" ce, bas da jirgin ƙasa da jirgin sama "on" ne, shi ya sa ake "get out of a car" amma "get off a bus". Biyu kuma da za su yi miki amfani a asibiti: "on time" shi ne daidai lokacin da aka sa, "in time" shi ne kafin a makara. A nan Ingila idan aka ce mutum yana "in hospital" to an ba shi gado ne, idan aka ce "at the hospital" yana iya zama dubiya ya je.

Ɗalibar Jinya, Gusau:

Na bi shawarar Baba Malam na gina jimloli daga aikinmu, ga su a duba mini. "The pain will wear off in two hours." "She came round after ten minutes." "We have run out of gloves." "Here is the form, please fill it in." "I am looking forward to start my posting on Monday."

Malam Mai Ritaya, Zariya:

Madalla, 'yata. Huɗun farko ba su da gyara, kuma na ji daɗin ganin "it" ta zauna a tsakiya a ta huɗu. Ta biyar ce ta faɗa ramin da ya fi kowanne cin mutane. Wannan "to" ta "look forward to" ba irin ta "want to go" ba ce, irin ta "listen to" ce, wato suna take nema ya biyo bayanta, saboda haka idan aikatau zai biyo ta dole ya sa rigar suna, ya ɗauki "ing". Hanyar ganewa ita ce ki gwada ajiye suna bayan "to" ɗin. Ana cewa "I look forward to the holiday", ya zauna daram, amma ba a cewa "I want to the holiday". Duk inda sunan ya zauna, to "ing" ake so, kuma haka abin yake a "object to" da "be used to". Ki gyara ta biyar ɗin da kanki, ki ƙara mini jimla ɗaya da "be used to" a kan aikin dare, ki turo kafin la'asar in duba.